Kujerar Bayan Aji

Da hantsi ne, ana ɗan yayyafin nan da ba ya jiƙa mutum sai ya daɗe a cikinsa. Kafinta yana durƙushe a ɗakin gwaje-gwajen makarantar sakandare yana gyaran ƙafar benci, sai ga wata budurwa ta shigo da kwalaben gwaji a faranti, ta ce ko zai ɗan matsa mata. Ya matsa. Ƙusar da ke bakinsa ta faɗi, bai ma nemi inda ta shiga ba.

Sabuwar Malama ce. Ta yi digiri a ilimin sinadarai, tana son shiga kwalejin horar da malamai, amma ba a ɗaukar mutum sai ya taɓa tsayawa gaban aji, kuma wani babban malami ya shaida ya ga koyarwarsa. Abin da ya kawo ta ke nan.

Shi kuwa Kafinta karatunsa bai yi nisa ba. Amma daga ranar bencinan makarantar suka shiga lalacewa ba ƙaƙƙautawa, a ganinsa dai. Tun tana gaishe shi a tsaye har ta fara zama a kan wanda ya gyara, har ta ba shi lambarta. Ta sa masa suna Mai Guduma, shi kuma ba ya kiranta sai Malamata.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat: shugaban sashen kimiyya, wanda ɗalibai ke kira Mai Tabarau. Duk darasin da za ta yi sai ya jawo kujera ya zauna a bayan aji, idonsa a kanta har a buga ƙararrawa. Bayan an tashi kuma su zauna su biyu suna magana. Kujerar tasa tana da ƙafa ɗaya mai rawa. Kafinta ya gan ta sarai, ya gyara kowace kujera a ajin, ya tsallake ta.

Ya taɓa tambayarta wane irin aiki ne mutum ya zauna yana kallon budurwar wani. Ta yi dariya ta ce darasin yake kallo.

"To darasin ne ke sa mayafi mai ruwan toka?"

"Mai Guduma, kishi zai sa ka buge yatsanka."

A gidan su Malama ma ba sauƙi. Wata rana da aka yi ruwa Mai Tabarau ya rage mata hanya a motarsa, Umma ta leƙo ta gani, daga nan ba ta da zance sai nasa. Abba kuwa da ya ji labarin Kafinta cewa ya yi bai kai 'yarsa jami'a don ta ƙare a cikin garin katako ba. Ƙanwarta ce ta kwashe zancen motar ta kai wa Kafinta shagonsa.

Aka zo ranar da Mai Tabarau zai duba darasinta na shaida. Ta faɗa wa Kafinta, amma abin da ya shiga kunnensa kawai shi ne mutumin zai sake zama yana kallonta. Sai ya tuna tagar ajin tana buƙatar gyara. Ta buɗe baki ke nan a gaban aji guduma ta fara. In ta ɗaga murya ya ƙara ƙarfi, in Mai Tabarau ya yi murmushi ya doka ƙusar da ta riga ta shige. Ɗalibai suka yi ta dariya, bayani ya kwance mata, ta share allo tun ba a kwafa ba.

Da yamma saƙonta ya shigo.

"Ya ce ba zai shaide ni ba tukuna. Dama ɗaya ta rage kafin kwaleji ta rufe ɗauka. In na rasa, Abba zai ce kai ne, kuma bai yi ƙarya ba. Kada ka kira ni."

Bai kira ba. Ya daɗe yana rubutawa yana gogewa, sannan ya tura.

"Malamata, na yi wauta. Ban iya ba da haƙuri da kalmomi masu kyau ba. In akwai abin da hannuna zai iya, ga shi."

Ta yi kwanaki ba amsa. Ranar da ta zo shagon ba ta zauna ba. Ta ce ba gudumar kaɗai ba ce. Mai Tabarau ya ce ko da shiru aka yi, tana magana kamar da 'yan jami'a take, yara ba sa bin ta. Tana neman wanda za ta koya wa, wanda zai tsayar da ita duk inda bai gane ba.

"Wannan kam kin samu," in ji shi. "Rashin ganewa ba wanda ya fi ni."

Ta danne dariyarta, amma ya gani.

Darasin a kan tsatsa ne. Ya ba ta ƙusoshi, ta sa ɗaya a kwalbar ruwa, ɗaya a busasshiyar kwalba, ɗaya a tafasasshen ruwan da ta rufe samansa da mai. Kullum da la'asar sai ta tsaya gaban wani falle na katako tana bayani, shi yana zaune a benci kamar ɗalibi. In ta jefo kalma mai nauyi ya ɗaga hannu, ta sake faɗa da sauƙi. In ta ce Mai Tabarau ya ce kaza, sai ya sauke hannun ya ɓata rai.

Wata la'asar Abba ya biyo sawunta da faɗa a bakinsa. Ya tarar da saurayin ya ɗaga hannu yana cewa Malama a maimaita, iska ce ke cin ƙarfen ko ruwa. Abba ya tsaya a bakin ƙofa har ta gama amsawa, shi ma ya tambayi abin da man yake yi. Bai ce komai a kan aure ba, amma ya amsa gaisuwar Kafinta.

Ranar dama ta biyu Kafinta bai shiga makarantar ba. A bakin get ya tsaya, ya roƙi masu walda na maƙwabta su ɗan dakata da aiki. Zuciyarsa dai tana bayan aji, wajen kujerar nan.

Da azahar wayarsa ta yi ƙara, saƙonta ne.

"Ya shaide ni. Yara har rigima suke a kan kwalabe. Wai ya tambayi wanda ya ba ni ƙusoshin, na ce mijin da zan aura."

Ya karanta ƙarshen har sai da ya haddace.

Kwaleji ta ɗauke ta. Umma ta ɗan yi gunaguni a kan mota, Abba ya ce mai iya ɗaga hannu ya ce bai gane ba, to zai iya riƙe mace. Aka ɗaura aure a hutun zangon farko, iyaye suka sa albarka, suka roƙa musu zaman lafiya da zuri'a ta gari. Mai Tabarau ma ya zo, ya daɗe yana yi wa amarya fatan alheri, ango yana tsaye a tsakaninsu yana cewa amin da sauri-sauri.

Kafin a dawo daga hutu Kafinta ya bi ta makarantar, ba kowa sai mai gadi. Ya shiga ajin ya kifa kujerar baya, ya cire tsohuwar ƙafar ya sa sabuwa. Ya zauna ya jijjiga, ba ta motsa ba. Ya mayar da ita inda take, ya ja ƙofa.