Likitar Kifi

Ranar da Delbert ya fara ganin Corrine, tana zaune a wani ɗaki a gindin madatsar ruwa ta kogin Snake, ɗan kifin samon da bai wuce tsawon yatsa ba yana kwance a gabanta. Ta tsaga cikinsa, ta tura wata ƴar na'ura kamar ƙwayar shinkafa, ta ɗinke. Shi da aka aiko da ƙanƙara, sai ya tsaya sororo har ta fara narkewa a takalminsa.

"Likitar kifi, kin nemi izinin uwarsa kuwa?"

Ta yi dariya, ta ce da na'urar ake gane kifi nawa ke tsira idan sun bi ta injinan madatsar za su teku. Daga ranar sunan ya bi ta, shi ma ya bi ta.

Amma fa akwai Kaka Wilma, wadda ta rene shi. Mu mutanen kogi, kifin nan waƙa muke masa, mu mayar da ƙashinsa ruwa. Kaka ta ce hannun da ke farke cikin jariran kifi ba zai taɓa wuƙarta ba, ga Lorene ƴar maƙwabta nan ta iya bandar kifi. Delbert kuwa ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai yi aure ba sai da yawun tsohuwar.

Ana haka Corrine ta ɗauke ƙafa, ko waya ba ta ɗauka. Ya zaci zancen Lorene ne, duk ya rame. Can sai ga saƙo:

"Del nawa, ba fushi nake ba. Sakamakon bincikenmu ya fito. Ƙananan da na ɗinka sun fi waɗanda ban taɓa ba mutuwa a madatsa. Kaka ta yi gaskiya, ni kuma kunya ta hana ni kallonka."

Ya roƙe ta kada ta bari Kaka ta ji. Ina, da ƙafarta Corrine ta je wurin Kaka, ta faɗi komai, ta ce an daina taɓa ƙananan. Tsohuwar ta saurara tsaf, ta tashi ta rufe ƙofa. Wallahi ranar na tausaya wa yarinyar.

Shekarar kifi bai dawo daga teku ba. Ruwa ya yi ɗumi, raga ta riƙa fitowa wayam, rumfunan banda babu hayaƙi. Sai gab da sanyi Delbert ya kamo ɗaya, ramamme. Kaka na gyara shi wuƙarta ta ci karo da wani abu mai ƙyalli. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta aika a kira Corrine.

"Naki ne wannan?"

"Ban sani ba, Kaka. Muna da yawa masu ɗinkin."

"Ko na wane ne, ya ɗauki kayanku har teku, ya dawo da shi gida. Kin kashe mana da yawa, amma ba ki ɓoye min ba." Ta miƙa mata wuƙar. "Ƙarasa, jikata. Ta nan ake bi."

Corrine ta karɓi wuƙar ta ƙarasa, hawaye na zuba.

Aka ɗaura auren a bakin kogi. Kifin nan ɗaya aka raba wa jama'a, kowa ɗan abin ɗora wa harshe. Kaka ta sa musu albarka, ta roƙa musu ƴaƴan da za su tarar da kifi a kogin. Sannan ta damƙa wa amarya ƙashin, ta ce ita za ta mayar da shi ruwa.