Ƙararrawar Ɗakin Inna Kaltumi

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Ma'azu na tsugune bakin randa yana alwalar magariba, sai ƙararrawa ta kaɗa cikin ɗakinsa. Ya yi murmushi ya ajiye buta. Kwana uku kenan da ya kafa ta, sai yau mahaifiyarsa ta yarda ta taɓa.

Da ya leƙa ɗakin tsohuwar bai tarar da kowa ba. Inna Kaltumi tana can bayan ɗaki bisa tabarma, jikarta Rakiya na tsefe mata kai. Maɓallin yana rataye jikin gado, babu hannun da ke kusa da shi, ƙararrawar kuwa ba ta daina ba.

Ma'azu ma'aikacin gidan waya ne a Tahoua, shi ke ja wa ofisoshi layin tarho tun kafin Faransawa su tafi. Matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce, 'yan'uwansa kuma sun watsu wajen neman abinci, gidan kakansa mai ɗaki shida ya koma na mutum uku. Idon Inna ya mutu, muryarta ta yi ƙasa. Wata rana ta faɗi bakin gado tun azahar, ba wanda ya ji kiranta har la'asar. Abin da ya sa ya samo 'yar ƙararrawa kenan, da pil biyu, wato batir, da siririyar waya.

Bangon da ya raba ɗakinta da nasa tsohon gini ne, kaurinsa ya kai kamu biyu. Da ya bi da wayar ta tsakar gida awaki za su tauna ta, don haka ya yanke shawarar huda bangon. Ya kafa ƙarfe mai tsini yana murzawa, ƙasa na zuba kaɗan-kaɗan. Da ya kai tsakiya sai ƙarfen ya zurma kamar ya shiga tulu, wata iska mai sanyi ta huro masa fuska da ƙamshin tsohon turare. Ya ce a ransa aikin gara ne. Ya zura tiyo, ya zura waya ciki, ya shafe bakin da laka.

Daren da ƙararrawar ta fara kaɗawa ya cire pil ɗin ya sa a aljihu. Kashegari da magariba ta sake kaɗawa, pil na aljihunsa. Rana ta uku hoge ya fara faɗowa tsakar gida, ƙanana, busassu, ɗaya bayan ɗaya, suna fashewa kusa da ƙafar wanda ke tsaye amma ba su taɓa kowa. Maƙwabciyarsu Rahamatu, wadda ke kawo wa Inna fura, ta koma miƙo ƙwarya daga bakin zaure. Daga baya ma ta daina zuwa. Abokan hirar Ma'azu suka tashi daga ƙofar gidansa suka koma gindin wata itaciyar bedi can gaba. Da yamma ta yi, gidan yakan yi tsit har a ji motsin tsaka.

Rana ta shida ya komo daga aiki ya iske Rakiya tsaye a ɗakin kakarta, ta manna kunne jikin lakar da ya shafe. Ɗiyar shekararta goma sha huɗu, mai surutu ce da waƙa bakin turmi. Ya kira ta sau uku. Da ta waiwayo sai ya ga kallon ba nata ba ne.

"Kai ne mai ƙarfen?" ta tambaye shi, da muryar tsohuwar da ta girmi Inna.

Ya ce, "Rakiya, ni ne Babanki."

Ta maida kunne jikin bango.

Kwana huɗu ba ta ci komai ba sai ruwa. Likita ya ba ta kinin, ba abin da ya sake. Ma'azu yana kallon wuyan ɗiyarsa na zama siriri, yana tuna yadda uwarta ta tafi, shi kaɗai, babu wanda zai faɗa wa. Inna ce ta kira shi. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa.

"Mai-waya, ka tafi Affala ka zo da Malam Almustafa. Ka bar gardama."

Malamin ya iso bisa jaki bayan la'asar, dattijo ne ƙanƙane mai rawani baƙi. Bai nemi turare ba, bai nemi dabba ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ɗakin Inna, aka zaunar da Rakiya, ya fara karatu a hankali kamar mai lallashin jariri. Hoge ya yi ta zuba a waje. Can ɗiyar ta dafe kunnuwa ta ce, "Ya isa, Malam. Na ji."

"Ke wace ce?"

"Mai gidan nan ce ni. Tun ana kwaɓa ƙasar bangon nake ciki."

"Mi ya fito da ke?"

"Ya huda mini ɗaki. Ya ratsa wani abu ta bisa shimfiɗata, yana tsuwwa dare da rana." Sai muryar ta sauka. "Da farko haushi na ji. Sai na taɓa abin, na ga mutum ya taho da gudu. Malam, shekara sittin ban yi kira an amsa ba. Dangina sun tashi tun shekarar yunwa, sun nufi duwatsun Takanamat. Ni na tsaya jiran ɗana, bai komo ba."

Ma'azu ya sunkuyar da kai.

Malam ya ce, "An yi miki laifi, kuma ba da sani ba. Amma ɗiyar nan ba ta yi miki komai ba. Ki sake ta."

"Ku bar mini ita da magariba kaɗai. Tana da ɗumi. Tana waƙa."

"Ko ƙiftawar ido ba a bar miki. Ki ji tsoron wanda ya halicce mu da ku."

"To ku toshe ramin, in koma yadda nake."

"Kin ɗanɗana hira, ba za ki zauna ba. Gobe za ki sake nemanta. Ki bi danginki."

Hasken ƙofa ya fara ja.

"Ban san hanya ba," in ji muryar. "Ban taɓa fita ba."

Malam ya dubi Ma'azu. Ma'azu ya ce, "Ni na huda, ni zan kai ki."

Malam ya sa ta yi rantsuwa ba za ta komo ba, sannan ya umarce ta ta shiga cikin tiyon. Ya ce wa Ma'azu ya zaro tiyon daga bango, ya toshe bakinsa biyu da tsumma. Yana gama ɗaurewa Rakiya ta yi atishawa mai ƙarfi ta kife jikin kakarta. Da ta buɗe ido ta ce, "Baba, yunwa nake ji."

Da asuba Ma'azu ya ɗaura tiyon bayan kekensa ya kama hanyar Takanamat. Abin da bai kai nauyin sanda ba ya yi masa nauyin buhun hatsi, sau da yawa sai ya sauka ya tura cikin rairayi. Sai da rana ta karkata ya kai gindin duwatsu. Ya ajiye tiyon cikin inuwa, ya kwance tsumman, ya yi sallama ya juya bai waiwaya ba.

Ya cike ramin bangon da laka har ciki. Rakiya ta murmure, Rahamatu ta komo da furarta. Inna ce kaɗai ta canza. Ta rage cin tuwo, takan zauna ta jingina bayanta da bangon.

Wata yamma Ma'azu ya tambaye ta ko jikin ne.

"Lafiyata lau," ta ce. "Shekara hamsin da biyar da aka kawo ni ɗakin nan, kullum ina jin numfashi cikin bangon nan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har ubanka. Da ya rasu, da ita nake kwana. Yanzu ƙasa ce kawai."

Ma'azu ya miƙe. Ya fita ya ɗauko tabarmarsa da butarsa, ya shimfiɗa bakin ƙofarta. Ya zauna, ya fara ba ta labarin wani kumandan na Faransawa da ya taɓa riƙe kan tarho a juye yana ta ihu ba a jinsa. Tsohuwar ta gyara zama ta juyo da kunnenta wajensa.