Ya Zagi Baban Admin

Ranar da ta fara shiga shagonsa, akwatin tashoshi ne rungume a hannunta, fuskarta kuma a ɗaure tamau. Shagon ɗan tsukuku ne, talabijin marasa murfin baya jere har rufi, hannayen gem rataye a ƙusoshi, ga ƙaurin dalma ya cika ko'ina. Mai gyaran yana duƙe kan wata na'ura, ko ɗagowa bai yi ba.

"Malam, akwatinmu ya ɗauke hoto. Yau nake son sa, kafin ƙarfe biyar."

"Me ake yi ƙarfe biyar?"

"Tsibirin Gishiri. Yau za a rufe zango na biyu."

Sai a nan ya ɗago. Ya dube ta, kallon ya ɗan zarce yadda ya yi niyya, sannan ya dubi akwatin ya ja tsaki.

"Da kin bar shi a lalace, Malama. Akwatin nan ya fi masu shi sanin ya kamata."

Shirin da take magana a kai, daga wani gem, wato wasan bidiyo, aka ɗauko labarinsa, shi kuwa Mai Gyara ya buga gem ɗin har ya haddace shi kamar sunansa. A wurinsa masu shirya shi a talabijin ɓarayi ne, masu kallo kuma ba su san ciwon kansu ba.

"Bari ma in hutar da ke," ya ce yana kwance murfin akwatin. "Tsohuwar nan Mai Fitila, wadda ke haska wa jirage hanya, yau za ta mutu. Ruwa zai ci hasumiyar da ita a ciki."

A duniyar masu kallo babu laifin da ya kai wannan. Ka taka mutum a ƙafa ya yafe maka, amma ka gaya masa ƙarshen shiri, to kun ƙulla ke nan. Ta tsaya tana huci har ya gama, ta fizge akwatinta.

"Bakinka ya fi akwatin nan buƙatar gyara," ta ce, ta fice.

Washegari da hantsi sai ga ta, ba akwati, ba rimot, sai murmushin mugunta.

"Ba ta mutu ba. Wani masunci ya ciro ta."

"Ciro ta? To sun gama lalata labarin."

"In kai namiji ne, zo ka faɗi haka a guruf ɗinmu. Mu ɗari uku ne, ni ce admin."

Ya ba ta lambarsa don ya nuna ba ya tsoro. Haka dai ya gaya wa kansa.

Ya shiga guruf da sunan Ɗan Gem, kuma cikin kwana uku babu wanda bai yi cacar baki da shi ba. Admin ta kore shi sau biyu, ta dawo da shi sau biyu, wai guruf ɗin ya yi shiru da yawa. Faɗan ya tsallaka daga guruf zuwa wayoyinsu su biyu. A shagon tabarau take aiki, titi biyu daga shagonsa, sai ya zamana kullum tabaransa na aiki yana da wata matsala.

"Barka da safiya, Azzalumar Admin. Na yi mafarkin kin yarda gem ya fi, na farka ina murna."

"Barka dai, Mai Taurin Kai. Ka zo in auna maka ido kyauta, duk wanda bai ga kyan shirin nan ba makanta ce ke damunsa. Ka karya kuwa?"

"Ban karya ba. Ina jiran ki ba ni haƙuri."

"To ka shirya wa yunwa. Ka ci abinci don Allah, ba na son maƙiyina ya rame."

Wata biyar suna haka. Ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, sai abu ɗaya: ya ce zai turo manyansa, ta sunkuyar da kai ta ce ai ya ma yi jinkiri.

Sai dai akwai abin da Mai Gyara bai sani ba. A guruf ɗin akwai wani mai suna Tsohon Direba, wanda ya fi kowa kare shirin, kuma ya fi kowa tsanar Ɗan Gem. Wannan Tsohon Direba mahaifin Admin ne. Shekara talatin yana jan bas kafin ya ajiye, kuma ya gargaɗe ta kada ta kuskura ta faɗa wa kowa ko shi wane ne, don yana son yaran su yi musu da shi ba kunya ba kara.

Tare da matarsa suka fara kallon shirin, kujera biyu a gaban talabijin. Ita ce take son Mai Fitila, har takan ce tsohuwar ta tuna mata da kanta. Tsakanin zango na ɗaya da na biyu ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Kujerarta tana nan inda take, ba mai zama a kai. Ranar da masunci ya ciro Mai Fitila daga ruwa, dattijon nan kuka ya yi a gaban 'ya'yansa.

Admin ta sha ce wa Mai Gyara, "Ka riƙa sassauta wa Tsohon Direba." Shi kuma ya ɗauka son kai ne irin na admin.

Wata Laraba da rana musu ya yi zafi. Tsohon Direba ya rubuta cewa barin tsohuwar da rai shi ne abu mafi kyau da aka taɓa yi a talabijin, kuma masu gem yara ne marasa tausayi. Mai Gyara, da ma wata na'ura ta ƙi gyaruwa tun safe, ya zauna ya zazzage:

"Tsohon Direba, da gani kai ba ka taɓa rasa kowa ba a rayuwarka, shi ya sa kake son labarin da ba a mutuwa. Irinku matsorata ne suka sa aka lalata mana labari. Ka koma ka ja motarka, ka bar sharhi ga masu hankali."

Wayar Admin tana cikin aljihun tebur, tana gwada wa wata mata gilashi. Kafin ta gani ta goge, minti arba'in sun wuce. Baba ya karanta, ya kife wayar.

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi, tunda Baba bai san fuskar Ɗan Gem ba. Amma akwai ɗan gwaggonta, mataimakin admin, wanda ya daɗe yana zagaye gidan da tsaraba da fara'a don son aurenta, yana amsa "haka ne, Kawu" ga duk abin da Baba ya faɗa. Ya taɓa ganin su biyu a ƙofar shagon tabarau. Da yamma ya zo har falo, ya durƙusa kamar mutumin kirki.

"Kawu, ba na son kawo magana. Amma yaron nan mai gyara da ake cewa zai turo, ai shi ne Ɗan Gem."

Baba ya kira ta. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsoratar da ita.

"Ki gaya masa kada ya wahalar da iyayensa. Ba ni da 'yar da zan ba shi."

Ta fita tsakar gida ta kira Mai Gyara.

"Ka san wanda ka zaga? Babana ne. Bara muka binne mahaifiyata."

Nan take ya gane ɓarnar da ya yi. Amma da yake taurin kai a jininsa yake, abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Kuma kika zuba ido ina faɗa da shi wata biyar ba ki gaya mini ba?"

"Sai an gaya maka uban wani ne kafin ka yi magana irin ta mutane?"

Ta kashe wayar, ta cire shi daga guruf, ta toshe lambarsa. Wannan karon ba ta dawo da shi ba.

Kwana huɗu bai taɓa hannun gem ba. Ummarsa ta ji labarin, ta wanke shi tas, ta ce da ita ce uwar yarinyar da tsintsiya za ta kore shi. Rana ta biyar ya sa kayansa masu kyau ya tafi gidan shi kaɗai. Yayar Admin ce ta buɗe ƙofa, ta kalle shi sama da ƙasa.

"Kai ne mai hankalin? Shigo."

Ya zube a gaban Baba, nesa da kujerar da ba a zama.

"Baba, na yi rashin kunya, na faɗi abin da ban sani ba. Ka yafe mini."

"To yanzu ka yarda shirin ya fi?"

Admin tana bayan labule tana roƙon Allah ya sa ya ce e. Kalma ɗaya ce, kowane mai wayo zai faɗe ta.

"A'a, Baba. Gem ɗin ya fi. Amma ba ni da hurumin gaya maka abin da na gaya maka."

"Tashi ka fita mini daga gida."

Ya fita. Ita kuma ta buɗe lambarsa na minti ɗaya kacal, ta tura:

"Ban taɓa ganin wawa irinka ba. Na tsane ka. Ka kula da hanya."

Sati uku suka wuce. Ɗan gwaggo ya ƙara yawan zuwa, har ya fara zancen ranar da mahaifiyarsa za ta zo. Wata rana Baba ya tambaye shi a wane hannu Mai Fitila take riƙe sanda. Ya ce hannun dama. Mai Fitila ba ta taɓa riƙe sanda ba. Ashe bawan Allah bai taɓa kallon kashi ɗaya ba, sharhin mutane yake karantawa ya maimaita. Daga ranar Baba ya daina amsa gaisuwarsa da tsawo.

Wata safiya Mai Gyara yana share gaban shago, sai ga dattijon tsaye, hannu a baya.

"Kunna mini abin naku. Ina so in ga yadda kuka kashe ta."

Mai Gyara ya jawo kujera, ya kunna, ya kai shi dab da wurin, ya miƙa masa hannun gem. Yatsun Baba manya ne, yana danna maɓalli biyu a lokaci ɗaya, yana zagin wanda ya ƙera abin. Amma da aka ba shi tuƙin jirgi, sai hannun direba ya tashi, ya ratsa duwatsun teku ko gogawa bai yi ba.

Suka iso wurin. Ruwa yana hawa hasumiya, tsohuwa tana sama riƙe da fitila, jirgi cike da mutane. A gem ba kallo kake yi ba, kai ne za ka danna jirgin ya wuce ya bar ta. Baba ya juya jirgin ya nufi hasumiya. Ya kife. Aka dawo da shi farko. Ya sake juyawa, ya sake kifewa.

"Baba," Mai Gyara ya ce a hankali, "babu wata hanya. Sau goma sha ɗaya na gwada. Har na kwance na'urar, wai ko laifinta ne."

Dattijon bai dube shi ba, idonsa yana kan hasken fitilar.

"Ni ma na gwada," ya ce. "Asibiti huɗu."

Mai Gyara ya rasa inda zai sa kansa don kunya da tausayi, hawaye ya taru masa a ido. An jima Baba ya danna, jirgin ya wuce, fitilar tana ci a baya har ta ɓace. Ya ajiye hannun gem a kan tebur, ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi.

"Gem ɗinku mugun abu ne, ba zan sake taɓa shi ba. Kai kuma ba ka da kunya, amma ba ka yi mini ƙarya ba." Ya miƙe. "Ka turo manyanka ranar Asabar, kafin in canza ra'ayi."

Ko minti goma ba a yi ba wayar Mai Gyara ta yi ƙara.

"Me ka yi wa Babana ya dawo da jan ido?"

"Gem muka buga, Azzalumata."

"Ban yafe maka ba tukuna, Mai Taurin Kaina. Wace kalar riga za ka sa ranar Asabar?"

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. 'Yan guruf suka cika wurin, rabi masu shiri, rabi masu gem da ango ya gayyato, har aka kusa raba faɗa a bakin ƙofa kan zango na uku. Amarya ta kafa sharaɗi cewa rimot nata ne daga ƙarfe biyar zuwa shida, ango ya ce ya ji amma zai zauna kusa yana gyara musu kuskure, ta ce to a waje zai zauna.

Da za a tafi da ita, Baba ya kira su biyun falo. Ya ɗora hannunta a kan na ango.

"Ga ta nan. Musu ta iya, kai ma ka iya, ku yi ta yi, ba zan raba ku ba. Amma duk zafin da ka ɗauka, ka fara tambaya me mutum ya rasa kafin ka buɗe bakin nan naka."

"In Allah ya yarda, Baba."

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka, ya sa ku tsufa tare a gaban talabijin ɗaya." Ya yi gyaran murya ya harari ango. "Kuma jikokina, shirin za su fara kallo."

Ango ya buɗe baki, amarya ta take masa ƙafa.

"Amin, Baba," ya ce.