Hasken da Aka Jefa Cikin Rijiya

Rana ta yi ja a bayan Ƙofar Bhati, hayaƙin murhu ya kwanta a kan sorayen Lahore. Barkat Bibi tana durƙushe a tsakar gida tana murza gurasa, sai ga dutse ya faɗo cikin kwaɓin. Ta ɗaga kai za ta zagi 'ya'yan maƙwabta, ba ta ga kowa ba. Da ta ɗauki dutsen ta ji shi da sanyi, jiƙe sharkaf, gansakuka ta lulluɓe shi, alhali an yi watanni ko yayyafi ba a yi ba.

Mijinta Miraj Din shi ne mai ɗaukar hoto a wani ƙaramin kamfanin fim, irin finafinan da ba sa magana, sai makaɗa su zauna a gindin farin ƙyalle suna bin su da kiɗa. A makon ne aka fara nuna sabon fim ɗinsu na wata gimbiya da aka jefa rijiya. Barkat ta miƙa masa dutsen. Ya juya shi, ya shinshina, ya ture kwanon abincinsa.

Tun daga ranar magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da an idar da salla sai duwatsu su fara sauka, jiƙaƙƙu, ba a ganin hannun da ke jefo su. In sun lafa, sai a ji kukan yaro can ƙarƙashin daɓe, siriri, kamar daga ƙasan rami mai zurfi. Barkat takan rungume 'yarsu tilo, Kaniz, tana karanta abin da ya zo bakinta.

Wata magariba Kaniz ta fizge jikinta, ta dafe idanunta da hannu biyu, ta zube tana birgima.

"Ammi, a kashe hasken. Yana ƙona ni."

Ko aci-balbal ba a kunna ba tukuna. Kullum haka, har yarinyar ta rame, fatar idonta ta kumbura. Barkat ce ta lura cewa abin ba ya tashi sai an buga gangar kiran 'yan kallo a gidan majigi.

"Baban Kaniz, me kuka taɓa a wajen aikin nan naku?"

Ya sunkuyar da kai. Ita ce ta yafa mayafi ta je ta ɗauko Hafiz Karam Ilahi, tsoho mai karantarwa a masallacin unguwa.

Hafiz ya zauna gaban yarinyar, ya riƙe ɗan yatsanta, ya yi ta karatu a hankali har gangar ta tashi daga nesa. Kaniz ta miƙe zaune. Muryar da ta fito daga bakinta ta babbar mace ce, mai amo kamar ana magana cikin randa.

"Sake ni, tsoho. Ba da kai nake ba."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Tambayi ubanta. A tsohuwar rijiya mai matakala ta bayan gari nake da zama tun kafin a gina ganuwarku. Shi da mutanensa suka zo da manyan madubai suka jefo mana rana har ƙasa, don hotonsu ya fito. Ɗana yana kwance a matakalar ƙarshe. Ya buɗe ido ya kalli hasken, wannan kuma yana murza akwatinsa na ɗaukar hoto ya kwashe inuwar ɗana. Yanzu duk maraice in sun haska fim ɗin, sabuwar ƙuna ɗana yake yi."

Nan Barkat ta gane. Kukan da take ji a ƙarƙashin daɓe ke nan.

"Me kike so?" in ji Hafiz.

"Ido. Ɗana ya rasa, 'yarsa ma ta rasa."

"Ba a biyan laifin wani da jikin wani. Za a ƙona fim ɗin, ɗanki ya huta, ki fita."

"Ƙuna ta tsaya. Wadda aka riga aka yi fa?"

Kafin Hafiz ya buɗe baki Miraj Din ya durƙusa.

"Da idona na dama na leƙa akwatin. Ki ɗauki nawa, ki bar mini 'yata."

"Yi shiru!" Hafiz ya daka masa tsawa. Amma bakin Kaniz ya riga ya yi wani murmushi da ba nata ba.

"Na ji. Kawo fim ɗin."

Miraj Din ya fita ba takalmi. Ya tsayar da majigi ana tsakiyar kallo, mutane suna ihu suna jifa, ya cire fim ɗin, ya biya ɗakin ajiya ya kwaso na asalin, ya dawo rigarsa a yage. Suka tara a tsakar gida, Hafiz ya sa wuta. Ta tashi fara fat har ta wuce katanga. Kaniz ta yi atishawa mai ƙarfi, ta faɗi jikin uwarta, ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa.

Hafiz bai karɓi ko shayi ba. A bakin ƙofa ya dubi Miraj Din, ya ce, "Na hana ka magana."

Da gari ya waye Barkat ta kai wa mijinta ruwan alwala. Ya ɗago fuska, ta ga ƙwayar idonsa na dama ta yi fari kamar nono. Butar ta kusa suɓuce mata.

"Kada ki faɗa wa Kaniz dalili," ya ce a hankali. "Ki ce hayaƙin ne."

Daga cikin ɗaki Kaniz ta ƙwala kira, "Abba, zo ka ga tantabarun sun sauko."

Ya lalubi bango ya miƙe, ya juya mata gefen da yake gani, ya tafi.