Ɗanyen Katako

A saman tsani yake, da ƙusoshi a baki, lokacin da ta shigo shagon ɗinkin mahaifinta tana fifita da kwali.

"Kai ne za ka raba mu da zafin kwanon nan?"

Ya buɗe baki zai amsa, ƙusoshin suka zubo ƙasa. Ta yi ta dariya har ta dafa keken ɗinki.

Gaggawa ake ce masa a unguwa. Ya taɓa gareji, ya taɓa walda, babu inda ya daɗe. Yanzu silin katako yake bugawa, wanda ke tare zafin rana, ya kuma riƙe ɗumi lokacin sanyi.

Da yamma ya tura mata saƙo: "'Yar Allura, tun da na gan ki guduma yatsana take samu."

"To ka rage kallo, Tsuntsuna," ta amsa.

Don ya burge mahaifinta, Baba Tela, bai jira katakon ya bushe ba. Ba a jima ba allunan suka lanƙwashe, zafi ya dawo ta tsagar. A ranar kuma kawun Gaggawa ya zo nema masa izinin aurenta.

Baba Tela ya nuna sama da almakashi. "Wanda ya kasa jiran katako, zaman aure zai iya? Ga mai sayar da esi, na'urar sanyaya ɗaki, shi ma yana sonta, kullum yana shagonsa."

Gaggawa ya ɓace. Saƙo ya daina zuwa. Ta ɗinka hannun riga a baibai, ta farke, ta sake. Mai esi yana ta zarya da murmushi.

"Ka tashi kamar yadda ka saba ko?" ta rubuta.



Ranar da haƙurinta ya ƙare, ta nufi bayan injin yankan katako, inda aka ce an gan shi. Ta same shi a rumfa, ya jera alluna da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, yana juya su ɗaya bayan ɗaya. 

"Me ya hana ka amsa mini?"

"In na ji muryarki, kwasarsu zan yi in taho, ko sun bushe ko ba su bushe ba." Ya ƙwanƙwasa allo. "Ji, har yanzu da ruwa a cikinsa. Wallahi zaman nan ya fi walda wuya."

Ta zauna a kan kututture. "Sai mu jira tare."

Da allunan suka bushe, ya cire tsofaffin ya buga sababbi. Baba Tela ya bar su suka ga zafi, suka ga damina. Ko ɗaya bai motsa ba, masu kawo ɗinki har gyangyaɗi suke yi a benci.

A shagon aka taru bayan ɗaurin aure. Ango ya gaisa da kowa, har ya miƙe zai leƙa waje.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya yi muku albarka," in ji Baba Tela. "Zama fa na ce."

Amarya ta ja bakin rigarsa. Ya koma ya zauna.