Muryar Khaula a Kasuwar Pitowa

Ranar da Nasrullahi ya fara ganin Khaula, tana bakin ƙofar ofis tana lallashin wata dattijuwa da ta taso tun daga garin Gidar don ɗaukar darasi, ta tarar an ɗage shi. Khaula ta sauke mata ƙullinta, ta zaunar da ita a inuwa, ta kawo mata ruwa, tana ba ta haƙuri da Fulatanci mai taushi. Shi kuwa ya tsaya da jakar kwamfuta a kafaɗa, har ya manta bai yi sallama ba.

Aiki ne ya kawo shi. Ofishin na ƙungiyar mata masu sarrafa gyaɗa ne a Garwa, membobinta kuwa sun warwatsu daga Pitowa har Maruwa. Shugabarsu, Madam Sidonie, ta gaji da tara mata a ɗaki ɗaya: hanya da nisa, damina na tare su, ga yara a gida. Sai ta ɗauko Nasrullahi, wanda ya karanta ilimin kwamfuta a Maruwa, ya tsara musu yadda za a riƙa koyarwa ta waya. Khaula ce mai kula da horaswa, don haka aka haɗa su tebur ɗaya.

Tun a zaman farko suka yarda ba za su rubuta komai ba sai sun ji daga bakin matan. Suka shiga zagayen ƙauyuka a motar haya. Shi yana duba irin wayoyin da ke hannunsu da inda reso, wato sabis ɗin waya, ke kamawa, ita tana tambayarsu abin da ke damunsu. Wata ta ce manta na saurin yin wari, wata ta ce ƙuli-ƙulinta ba ya daɗewa a leda. Nasrullahi ya lura Khaula ba ta taɓa katse mai magana, kuma in ta ji sunan mace sau ɗaya, ta riƙe shi ke nan.

Daga nan tsarin ya fito. Darussa gajeru na murya, da Fulatanci da Hausa da Faransanci. Mai babbar waya ta karɓa ta WhatsApp, mai ƙarama a zuba mata a katin memori na waya. Kowace unguwa da jagorarta da za ta tara mata su saurara tare, su turo tambayoyinsu. Za a fara gwaji a Pitowa, in ya yi kyau a faɗaɗa.

Khaula ce ke karanta darussan, shi yana gyara sautin. Wata rana da yamma ya tura mata saƙo:

"Malamata, na saurari darasin wanke tukunya har ya ƙare, na sake sa shi. Babu abin gyara. Muryar kawai nake ji."

Amsa ta zo bayan magariba:

"Injiniya, ka gama aikin mutane tukuna. In da gaske kake, ka san gidanmu."

Ya san gidan, amma ƙofar ba ta buɗu da sauƙi ba. Mahaifinta, Alhaji Abdelkerim, ɗan kasuwar atamfa ne wanda kakanninsa suka zo Garwa da fatauci. Ya ce bai ga laifin yaron ba, sai dai shi bai fahimci sana'ar da ba ta da rumfa ba, yau tana nan gobe an rufe kwamfuta ta tafi. Ga kuma Ziyad, ɗan abokinsa, mai shaguna biyu, ya daɗe yana aiko da gaisuwa.

Ana cikin haka wata babbar ƙungiya daga Yawunde ta zo ta ga gwajin Pitowa, ta yaba, ta yi wa Nasrullahi tayin aiki. Labari ya iske Khaula a karkace: wai ya karɓa, kuma tsarin duka da sunansa shi kaɗai aka miƙa. Ta daina ɗaukar wayarsa. A ofis gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a taƙaice. Abin ya ci Nasrullahi ƙwarai, har ya rame, amma ya ga ba zai yi ta rantse-rantse a gaban ma'aikata ba. Ya rubuta mata:

"Khaula, ban karɓa ba. Na ce musu rabin aikin naki ne, kuma matan Gidar ba su ma fara ba. Ki tambayi Madam."

Ta tambaya. Madam Sidonie ta gaya mata yadda ya miƙe a gaban baƙin ya ce shi na'ura kawai ya haɗa, wadda ta san matan tana ɗakin gefe. Khaula ta fito ta same shi a teburinsu, ta tsaya tana wasa da bakin mayafinta.

"Ka yafe mini, Injiniya."

"Zauna, Malamata," ya ce. "Darasi na gaba yana jiranki."

Saura Alhaji. Shi kuwa wata ranar kasuwar Pitowa ya je kai kaya, yana wucewa ta layin masu man gyaɗa sai ya ji muryar 'yarsa. Mata ne zaune kewaye da waya ɗaya a kan faifai, suna saurare kamar ana karatu. Bai nuna kansa ba, ya tambayi wadda ke kusa ko wace ce mai maganar. Ta ce malamarsu ce, yarinya mai tarbiyya, Allah Ya saka wa iyayenta. Ta ƙara da cewa akwai wani saurayi da ke tare da ita a aikin, ranar da katunansu suka ƙi yi ya zo a kan moto, wato babur, cikin ruwan sama, bai tafi ba sai da kowace waya ta yi magana.

Alhaji ya yi mata godiya ya wuce. Da ya koma gida ya aika a kira Nasrullahi. Ya tambaye shi dalilin ƙin zuwa Yawunde. Nasrullahi ya sunkuyar da kai ya ce ya yi wa matan alkawari, bai cika ba tukuna.

"Ka turo magabatanka," in ji Alhaji.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Matan Pitowa suka cika mota guda suka zo da jarkokin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a ƙwarya, na Gidar ma suka turo wakilai. Ziyad da kansa ya zo ɗaurin aure ya yi wa ango murna. Da za a kai amarya, Alhaji ya dafa kanta, ya ce ya yarda da ita duniya da lahira, Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.

Tsakar gidan duka ta amsa da amin.