Ƙamshin Akwatin Lefe

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, Kaka, kunnuwanmu na wurinki.

To, ku gyara zama. Ranar da Shifa ta fara ganin Toufik, ruwa ake yi a Salford ta Ingila, kusa da Manchester, irin yayyafin nan nasu da ba ya ƙarfi ba ya ƙarewa. A 2007 ne, tana ajin ƙarshe a uni, wato jami'a. Tana jan akwatinta zuwa tashar tram, jirgin ƙasan cikin gari, za ta tafi hutu gida Birmingham, sai hannun akwatin ya fizge, ya bar ta riƙe da shi.

"Wayyo ni Shifa, yau na ga ta kaina!"

"Ba ki ga komai ba, 'yar'uwa. Kawo in duba."

Ta waiga. Wani dogon saurayi ne, tafin hannunsa duk baƙin gawayi. Ya durƙusa a cikin ruwan, ya zaro sukudireba daga aljihu, kafin tram ya iso ya mayar da hannun.

"Hausar ina ce wannan?" ta tambaya tana danne dariya.

"Ta zangon Kumasi ce, ta biyo ta unguwar Moss Side ta Manchester. Taki ta Kano ce, na ji yangarta."

"Me kake yi haka da hannunka ya yi baƙi?"

"Aikin katako," in ji shi.

Gaskiya ya faɗa, amma rabinta.

Kafin ta kai Birmingham saƙonsa ya shigo: "Idan hannun ya sake cirewa ki kira ni. Idan bai cire ba ma ki kira ni."

Ta mayar masa: "Malam Guduma, haka kake yi wa duk wadda akwatinta ya lalace?"

"Ke ce ta farko, Gimbiya. Sauran tsallake su nake yi."

Haka aka yi shekara biyu, waya ba ta hutawa. Da maganar ta kai gida, mahaifinta Dakta Maharazu ya haɗe rai. Likitan hanta ne a wani asibiti a Birmingham, mutum mai magana ɗaya, kuma tuni ransa ya kwanta da Sa'id, ɗan abokinsa, akanta mai mota da flat nasa na kansa.

"Kafinta?" ya ce. "Na kai ki uni don ki kawo mini kafinta?"

"Abba, ai sana'a ce."

"Ban ce ba sana'a ba ce."

Mahaifiyarta Hajiya Turai ce ta yi ta lallaɓa shi. Aka aika bincike masallacin Moss Side, kowa ya ce yaron ba ya wasa da sallah, shi ke riƙe da tsohuwarsa. Babu wanda ya tambayi wane irin katako yake aiki da shi. Dakta ya amince, amma ba da daɗin rai ba.

Aka kawo lefe wata Asabar cikin Afrilu. Anti Hikma, ƙanwar mahaifiyar Toufik, ita ta jagoranci matan Manchester zuwa gidan Dakta a unguwar Perry Barr. Bayan akwatunan kanti, sai ga maza biyu sun shigo da wani na katako, mai duhun ja, an ɗaure shi da ƙarfe, an sassaƙa sunan Shifa a murfinsa. Toufik ne ya yi shi da hannunsa.

Shifa na laɓe a saman bene tana leƙe. Gwaggonta ta ɗaga murfin. Wani ƙamshi ya tashi ya cika falon, mai zaƙi-zaƙi kamar an ƙona sukari, da ɗan hayaƙi a ƙarƙashinsa.

"Kai! Wane turaren wuta ne wannan?" in ji Gwaggo, ta ɗauko atamfa ta kanga a hanci. "Mutanen Ghana, ashe kuna da sirri haka? Hikma, sai kin ba ni sunansa!"

Mata suka yi ta shinshina leshi da shadda ana guɗa. Ana cikin haka Dakta ya dawo daga asibiti. Niyyarsa ya yi sallama kawai ya hau sama. Sai ya tsaya cak a bakin ƙofa. Shifa ta ga hancinsa ya motsa, ta ga fuskarsa ta sauya.

"Ajiye zanen nan, Yaya," ya ce a hankali.

"Maharazu, ji wani ƙam..."

"Giya ce. Wiski. Shekara ashirin ina jin warin nan a bakin mutanen da hantarsu ta ruɓe."

Atamfar ta faɗi ƙasa. Anti Hikma ta shiga rantse-rantse, ita ma ba ta san komai ba. Dakta ya sa aka fitar da akwatin gareji, ya ce Asabar mai zuwa shi da kansa zai mayar musu da kayansu.

Kafin kwana biyu Sa'id ya binciko sauran. Ya zo gaisuwa, ya zauna a ƙasa kamar mutumin kirki, ya zayyana komai: wani wurin gyaran ganga ne a bayan Salford, gangunan giyar Amurka ake kawowa, Toufik ke gyara su a tura wa masu yin wiski. Da zai fita ya tarar da Shifa a kicin.

"Sannu, amaryar mai ganga," ya ce. "Ni dai lefena ba zai bugar da kowa ba."

"Naka ko ƙamshin ba zai yi ba," ta ce, ta juya masa baya.

Saƙonnin Toufik suka yi ta shigowa. Na bakwai ne ta buɗe.

"Gimbiya, wallahi ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba. Katakon tsohuwar ganga na yi akwatin da shi don babu irinsa a kyau. Na kankare, na wanke, na goge. Hancina ya saba, ban ƙara jin warin ba. Ban san zai dawo idan an rufe ba."

Ta rubuta: "Ba akwatin ne ya ƙona mini rai ba. Shekara biyu kana ce mini aikin katako."

"Na ji tsoron rasa ki. Tun Janairu na ce zan bar aikin."

"Yanzu kuma ta yaya zan san wannan ba rabin gaskiya ba ce?"

Ta kife wayar.

Ranar Asabar da safe, Dakta na sa akwatin a but ɗin mota, sai ga Shifa da mayafinta.

"Ina za ki?"

"Abba, kai ka ce ba ka taɓa rubuta wa marar lafiya magani ba sai ka gan shi da idonka. Mu fara zuwa wurin aikin. Idan ƙarya ya yi mini, ni zan miƙa musu kayan da hannuna."

Ya buɗe mata ƙofar motar. "Shiga."

Tafiyar awa biyu ce a babbar hanyar M6. Ƙamshin ya ratso daga but ya cika motar, Dakta ya sauke gilasai duka huɗu, iska mai sanyi na dukan fuskar Shifa har hawayenta suka bushe.

Wurin wata doguwar rumfar kwano ce, ganguna jibge har rufi. Tun daga waje suke jin bugun guduma. Wani tsohon Bature ya tare su, hannunsa na dama na karkarwa. Alfred sunansa, shi ne mai wurin.

"Kai ne likitan," ya ce da Turanci. "Sati guda yaron nan bai ci abincin kirki ba."

Dakta bai yi murmushi ba. "Me kuke yi a nan?"

Tsoho ya dafa wata ganga. Ya ce giyar Amurka da ake kira bourbon sau ɗaya take kwana a ganga, sai a sayar da gangar. Su kuma su kwance ta, su canja katakon da ya tsage, su sake babbaka cikinta da wuta, su ɗaure. Daga nan sai wani sabon kamfani a karkarar Ingila ya zuba wiskinsa na sha'ir zalla, wanda suke kira single malt, ya rufe shekara uku ko fiye, har ya ɗauki launi da ƙamshin itacen.

"A bana za su buɗe ta farko," in ji Alfred. "Sun nemi Toufik ya koma can ya zama babban mai gangarsu, ya ƙi. Tun Janairu ya ce mini zai tafi, wai zai yi aure kuma ba zai ciyar da matarsa da wannan ba. Ni na roƙe shi ya tsaya mu gama odar ƙarshe." Ya ɗaga hannun da ke rawa. "Ka ga dai abin da ya rage mini."

Shifa ta ji numfashinta ya dawo. Amma fuskar mahaifinta ba ta saki ba.

Bugun guduma ya tsaya. Toufik ya fito daga bayan gangunan, ya gan su, ya zube ƙasa.

"Baba, barka da zuwa."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Tsoro, Baba. Ba ni da wata hujja."

"Ba ka sha, na yarda. Amma kai kake gina wa giyar ɗakin da take kwana shekara uku kafin ta zo ta same ni a asibiti."

"Haka ne, Baba."

"To, ajiye gudumar nan yanzu. Ka wanke hannu ka shiga mota, a bar maganar."

Zuciyar Shifa ta yi tsalle. Ta kafe shi da ido, tana roƙonsa ba tare da ta buɗe baki ba. Toufik ya dubi gudumar, ya dubi hannun Alfred.

"Baba, saura ganga goma sha ɗaya. Mutumin nan ya ɗauke ni lokacin da kowa ya ƙi ni, kuma na yi masa alkawari. Ba zai iya ɗaga guduma ba. Ka yi mini sati uku."

"Idan na ce a'a fa?"

"Sai in gama su ina kuka, Baba."

Dakta ya juya ya nufi mota. Ya buɗe but. "Zo ka sauke kayanka."

Shifa ta toshe baki da mayafi. Toufik ya rungumo akwatin ya dire a ƙasa, bai iya ɗaga kai ya dube ta ba. Dakta ya tsaya a kansa, hannu a aljihu. Sannan ya sunkuya ya ɗaga murfin.

"Samo mini jakunkuna masu tsabta. Akwatin ba zai kwana a gidan 'yata ba. Zannuwan kuwa uwarta za ta wanke su." Ya miƙe. "Ran da ka gama ta goma sha ɗayan, ka je gaban Hajiya ka faɗa mata komai da bakinka, ba rabi ba. Sannan ka turo magabatanka a sa rana."

Toufik ya kifa goshi a kan murfin, kafaɗunsa na girgiza.

"Malam Guduma," in ji Shifa, tana kuka tana dariya, "tashi mana, Abba na kallonka."

"Ke kuma shiga mota," in ji Dakta. "Ba a ɗaura ba tukuna."

An ɗaura a watan Yuli a Birmingham, mutanen Moss Side suka cika bas biyu, aka ci waakye, shinkafa da waken Ghana, aka ci tuwo, iyaye suka sa albarka. Toufik ya buɗe shagon kujeru da gadaje a Salford, Shifa na aiki a wani kemis kusa da shi, yanzu 'ya'yansu uku. Alfred ya rufe rumfarsa ya koma wurin 'yarsa a bakin teku. Sa'id ya auri wata 'yar Leicester. Dakta ya yi ritaya, kuma duk hutu yana Manchester wurin jikoki.

Iyakar abin da ya faru ke nan. Allah ya ba mu zaman lafiya.